Tabkin Madarunfa da masu son sayen masaukin baƙi a bakin ruwa

Mai son ganin tabkin Madarunfa daga Maraɗi zai tashi, ya yi kudu. Tafiyar ba ta da nisa. Kilomita 20 ne da ƴan kai, mota ba ta cin awa guda. Hanya tana bin kwarin Gulbin Maraɗi. Tsakani akwai Jiratawa, inda gwamnati ta gyara fili don noman rani tun cikin shekarun 1980. Zogalen Jiratawa ya yi suna, buhu-buhu ake kai shi har Yamai. Dama da hauni gawo ne da goriba, da garake na taba, da tumatir, da tonka. Da an wuce su, sai a hango ruwa yana walƙiya tsakanin itatuwa.

Lokacin ɗari ya fi kyaun zuwa, kuma da sassafe. Hazo yana kwance bisa ruwa. Masunta sun riga kowa fita. Wani yana cikin jirgi yana jefa birgi. Wani ya kwanta bisa gora, yana tafiya da hannu da ƙafa, yana duba mamarin da ya ɗana tun jiya. Balbela da zalɓe suna tsaye a gefe, su ma kifi suke jira. Kirinjijiya takan taso garke guda, ta kewaya tana fito, ta koma ta sauka. Akwai kuma ƙananan tsuntsaye da ke zuwa daga Turai, su yi ɗari nan, in zafi ya matso su koma gida. Kafin hantsi mata sun ɗora kasko. Ƙanshin soyayyen kifi ya gama bakin ruwa: gargaza, da tarwaɗa, da ragon ruwa. Ran sa'a akan fito da giwan ruwa, yara su taru suna kallo.

Ruwan tabkin daga gulbi biyu yake zuwa. Akwai Gulbin Gabi, wanda ke zuba cikinsa. Akwai Gulbin Maraɗi, wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina, ya biyo ta Jibiya, ya shigo Nijar, ya kewaya ta Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, kana ya koma Najeriya. Dukansu da damina kaɗai suke gudu. In tabki ya cika yakan rufe kamar hekta 800. Da rani sai ya ja baya, ya bar laka mai albarka, manoma su bi ta da shuka.

Kewaye da ruwan akwai kushewun waliyyai 99, waɗanda mutane ke zuwa ziyara daga cikin Nijar da Najeriya. A shekarar 2006 Nijar ta miƙa sunan tabkin da dajin da kushewun ga hukumar UNESCO, cikin jerin wuraren da take so duniya ta san darajarsu. A 2019 kuma tabkin ya shiga yarjejeniyar Ramsar, tare da na Gidimuni a jihar Damagaram. Ramsar wani gari ne a ƙasar Iran. Can anka sa hannu, a 1971, bisa alkawarin kiyaye tabkuna da fadamu. Tabkin Tabalak na jihar Tawa ya riga su shiga, tun 2005.

Wuri mai kyau haka ba ya rasa masu kwaɗayinsa. A ƙasashen Turai da Kanada akwai wata al'ada. Mutum ya gaji da birni, sai ya sayar da gidansa, ya sayi masaukin baƙi a bakin wani tabki. Shi da iyalinsa su zauna ciki, su yi ta saukar da masu yawon buɗe ido. Ga hutu, ga sana'a. Wannan tunani ya iso nan ma. Ma'aikacin da ya yi ritaya, ko ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa, ko wanda ya daɗe a ƙasar waje ya komo da ƴan kuɗi, yakan zo bakin ruwa ran Lahadi. Ya ci kifi, iska ta buge shi. Sai ya fara lissafi cikin ransa: ɗakuna goma nan, rumfa can, kujeru suna fuskantar faɗuwar rana. Ko ya nemi tsohon kampama ya saya ya gyara, ko ya nemi gonar wani ya gina sabo.

Niyyar ba ta da laifi. Amma irin wannan baƙo watan Disamba yake zuwa, kuma tabkin Disamba yake gani. Bai ga na Afirilu da Mayu ba, sa'ad da rana ke dukan kwano har ɗaki ya zama tanda, ruwa ya janye ya bar ɗakin da anka gina a bakinsa yana kallon busasshiyar laka. Bai ga na Agusta ba, sa'ad da hanya ke caɓewa, sauro ya hana zaman waje, sange ya zama dole. Bai san tsargiya ba, wadda ake ɗauka wurin wanka a kwantaccen ruwa. Ɗan gari ya san wannan duka. An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, idon da ya zo yini guda bai gama sanin kima ba.

Ga lissafin da kowane ɗalibin yaƙi da jahilci zai iya yi bisa allo. Shekara kwana 365 ce. Mai ɗaki 10, in kullum cike suke, ya sayar da kwana 3650. Amma watannin daɗi huɗu ne: Nuwamba, Disamba, Janairu, Fabrairu. Cikinsu akwai mako 17. Mutanen birni ƙarshen mako suke samun fita, dare biyu. Dare 2 sau 17, dare 34 ke nan. A ɗaki 10, kwana 340. Ko kashi ɗaya cikin goma na 3650 bai cika ba. Kuma wannan in ɗakunan sun cika ne duka, ba ɗaya da ya kwana banza. Mai gadi kuwa wata 12 yake karɓar albashi. Haka kuku, haka mai shara da wanki. Lanho ba ya jiran baƙi. Gara ba ta hutun rani, tana cin azara da ƙyaure. Famfo ya lalace, sai an kira mai gyara daga Maraɗi. Wanda ya zo neman hutu sai ya iske shi ne mai tashi da asuba, shi ne mai kwanciya bayan kowa.

Sannan su wa za su zo? Nan ne maganar ta fi nauyi. Tsofaffi sun tuna lokacin da Turawa ke ratsa Nijar da motoci, ayari-ayari. Cikin shekarun 1980 tseren motoci na Paris zuwa Dakar yana biyowa ta Agadas. Matafiya suna tsayawa Tabalak su ci kifi a bakin hanya. A yankin kogin Kwara akwai masaukai da sunka yi suna: na Bubon kusa da Yamai, na Ayoru inda ake zuwa kasuwar Lahadi da kallon dorina, da na Tafowa a ƙofar gandun dajin W. Masu jagora, da masu jirgi, da maƙera, da dukawa, duka sun ci abinci da wannan harka.

Sai abubuwa sunka sake. Tawayen arewa ya tashi daga 1990 zuwa 1995, ya sake tashi daga 2007 zuwa 2009. A 2010 anka sace Turawa a Arlit, a 2011 anka sace biyu cikin Yamai. Ran 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga sunka kashe mutum 8 a Kure, wurin raƙuman dawa: Faransawa 6 da ƴan Nijar 2. Daga nan masu jagora na Kure sunka zauna hannu rabbana. Ɗakuna suna nan, katifu suna nan, raƙuman dawa suna nan suna cin ganyen gawo, amma babu mai zuwa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Mai yawon buɗe ido ya fi raɓa saurin tashi. Labari ɗaya a rediyo ya ishe shi ya fasa tafiya.

Ƙasar Madarunfa ma ta sha nata. Tana bakin iyaka da jihohin Katsina da Zamfara. Ɓarayin daji masu satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa sun addabi garuruwan bakin iyaka, wajen Gabi da dajin Baban Rafi. Tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Najeriya sunka shigo jihar Maraɗi. Gwamnati ta kafa rundunar soja mai suna Farautar Bushiya don maganin ɓarayin. Amma mai kuɗi da ke son kwana a ƙauye yakan yi tunani sau biyu, don ya san shi ake nema. Iyaka ita ma ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023, sai Maris 2024 anka buɗe. Mai masaukin da ya dogara da baƙin Katsina da Kano, waɗannan watanni duka asara ce gare shi. An aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, mai tsawon kilomita 284. Wasu suna sa rai gare ta. Amma ba a biyan albashin wannan wata da baƙin da jirgi zai kawo wata rana.

A bar maganar baƙi, a komo ga ruwa. Mai sayen masauki ruwa ya gani ya yi sha'awa. Don ruwa ya biya tsada. Amma takardar cinikinsa ba ta ambaci ruwa ba, kuma ba ta iya ambatarsa. Ruwan nan yana hannun Allah da damina, kana yana hannun mutanen da ke sama da shi. Wajen 1990 anka gama madatsar Jibiya a Najeriya. Tun daga nan Gulbin Maraɗi bai koma gudu kamar da ba, manoman kwari sun shaida. A wannan shekara ta 1990 ƙasashen biyu sunka sa hannu a Maiduguri bisa yarjejeniyar rabon ruwan gulaben da sunka haɗa su. Maganar gwamnati da gwamnati ce, mai ɗaki 10 ba shi da baki ciki. Ga kuma rairayi. Duk itacen da anka sare bisa tudu, ruwan sama zai kwaso ƙasar wurin ya zuba cikin tabki. Shekara bisa shekara zurfi yana raguwa.

Wata shekarar kuma ruwa yawa yake yi. Mutanen Maraɗi sun san wannan tun kakanni. Tsohon garin cikin kwari yake. A 1945 gulbi ya cika ya cinye shi, dole anka tashi anka koma bisa tudu, inda birnin yake yanzu. A daminar 2024 ruwa ya rushe gidaje da yawa a Maraɗi, ya kashe mutane. Tsofaffin bakin tabki suna iya nuna wa mutum itacen da ruwa ya taɓa kaiwa. Mai gini da ya tambaye su kafin ya sa magina aiki, ya tsirar da simintinsa.

Babbar magana ita ce ta ƙasa, kuma ita ta fi shafar manomi da makiyayi. Bakin tabki da ido ke gani kamar fili ne babu mai shi. Ba haka ba ne. Kowane taki yana da masu shi, wani wuri ma masu shi uku ne bisa juna. Lakar da ruwa ya bari ta gidan wane ce tun kakansa. Inda ake jawo jirage na masunta ne, kuma akwai sarkin ruwa da ake jin maganarsa. Ma'aikatan gandun daji suna da tasu doka bisa girman idon taru, da lokacin da ake rufe su don kifi ya hayayyafa. Sannan ga mashaya, ga burtalin da ke kai dabbobi gare ta. Da damina burtali ciyawa ce kawai. Wanda bai sani ba sai ya ce fili ne na banza. Sai rani ya tsaya, rijiyoyi sun yi ƙasa, kana a ga amfaninsa: shanu, da tumaki, da raƙuma, daga nesa suke sauka ta nan.

Mai masauki kuwa katanga yake so. Yana son baƙonsa ya zauna babu ƙura, babu ƙuda, babu kashin shanu. Sai ya ja waya ko bulo har cikin ruwa. Ran da garke ya iso ya iske hanya a toshe, ba zai koma da ƙishirwa ba. Zai ratsa ta garkar maƙwabci. Mai masauki yana ɗaki yana barci, manomi da Bafillace su ne za su ɗauki sanda. Jihar Maraɗi ba ta manta da Toda ba. A Oktoba 1991 rigimar manoma da makiyaya ta ci rai fiye da 100 a can, yawancinsu mata da yara.

Doka ta yi magana bisa wannan. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ce a bar wa makiyaya da dabbobinsu hanyar zuwa ruwa. Dokar ruwa ta 2010 ta sa tabkuna da gulabe cikin dukiyar ƙasa, ta kowa da kowa. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar da haƙƙin makiyayi na tafiya da dabbobinsa, ta kuma sa burtali cikin abin da ba a mallaka. Don haka babu mai ikon sayar da tabki, babu mai ikon sayar da burtali ko mashaya. Wanda ya karɓi kuɗi bisa su, abin da ba nasa ba ya sayar. Wanda ya biya, iska ya saya.

Gona dai ana iya sayar da ita. Nan manomi zai yi hattara. Mutumin birni yakan zo da kuɗi a hannu, kuɗin da mai garka bai taɓa riƙewa ba a dunƙule. Ga bikin ɗiya ya matso, ga bashi, ga sha'awar babur. Amma kuɗin gona ba su cika ganin damina biyu ba. Garkar bakin ruwa kuwa kowace shekara tana haihuwa: tumatir da ɗari, rogo da dankali, ganyen zogale da mata ke tsinka su sayi gishiri da sabulu. Sau da yawa ma gonar ta gado ce, ba a raba ba. Akwai ƙane a Legas ko Agadas, akwai ƴan uwa mata a gidan aure. Wa ya sayar shi kaɗai, bayan shekara biyu ƙane ya komo, sai shari'a. Mai saye da mai sayarwa duka su yi ta zarya gaban alƙali, ginin yana tsaye babu rufi.

Don maganin haka anka kafa hukumar filaye, wadda ake kira Kofo. Akwai ta gari, akwai ta ƙaramar hukuma, akwai ta gunduma. Ta gari mai gari ne shugabanta, kuma cikinta akwai wakilin manoma, da na makiyaya, da na mata, da na samari. Ita ke ba da takardar shaida. Takardun iri-iri ne: ta sayarwa, ta kyauta, ta haya, ta aro, ta jingina, da ta gadon gargajiya. Kafin a rubuta, ana zuwa a taka gonar, a kira maƙwabta, a duba iyaka, a ga ko ta ci burtali. Wanda ya koyi karatu ya karanta takardar da idonsa kafin ya dangwala hannu. Kalmar haya da kalmar sayarwa ba su da tsawo, amma tsakaninsu akwai abincin jikoki. Mai haya in kasuwa ta ƙi shi, ya kwashe katifunsa ya tafi, ƙasa ta koma ga mai ita. In an sayar kuwa, shi zai sake sayar wa wani, wanda gari bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Duk da haka masaukin baƙi a bakin tabki yana iya zama alheri, in mai shi ya san inda ya zo. Baƙin da ba su yankewa na kusa ne. Masu ziyarar kushewu suna bukatar tabarma mai tsabta, da ruwan alwala, da makewayi, da kuɗin kwana daidai aljihunsu. Iyalai daga Maraɗi suna son inuwa da kifi mai zafi ran hutu, su koma gida kafin magariba. Mushe yakan kawo ƴan lakwal su ga tsuntsaye. Ma'aikata sukan nemi rumfar yin taro. Waɗannan ba su kawo kuɗi da yawa, amma ba su jiran jirgin sama. Kuma su ba su ƙyamar shanu. Wanda ya kawo giya da kiɗan dare kusa da kushewun waliyyai, shi da gari ba za su daɗe suna gaisawa ba.

Mai masauki mai hankali gaisuwar mai gari yake farawa da ita, kana sarkin ruwa, kana arɗo. Kifinsa wurin masuntan nan zai saya, tumatir wurin masu garka, nono wurin matan ruga. Yaran gari zai ɗauka aiki, har da mai tuƙa baƙi cikin jirgi. Ginin laka mai kauri ya fi bulo da kwano sanyi, kuma maginan gari sun iya shi. Katangarsa ta tsaya nesa da ruwa. Tsaronsa ma ga mutanen nan yake, don su ke sanin baƙuwar fuska tun daga kasuwa.

La'asar sakaliya ita ce lokacin da mutumin birni ya fi so, don ita ya yi mafarkin kujerunsa. Rana takan yi ja ta sauka bayan itatuwa. Daidai wannan lokaci ƙura ke tasowa daga burtali. Yaro yana gaba da sanda bisa kafaɗa, shanu suna biye, farare da jajaye. Su shiga ruwa har gwiwa, su sha, su ɗaga kai ruwa yana zuba daga bakinsu. Masunta suna jawo jirage, mata suna kwashe kasko. Daga cikin gari ladan ya kira magariba.